Kwalba, Manjagara da Dutse: Abin da Ɗan Wasan Golf Ke da Ikon Kawarwa daga Gaban Ƙwallonsa

A watan Yulin 1949, a filin Royal St George's da ke garin Sandwich a kudu maso gabashin Ingila, ana cikin zagaye na biyu na gasar Open, wadda ta girmi duk manyan gasannin golf na duniya. Wani ɗan ƙasar Ayaland mai suna Harry Bradshaw, wanda ya gama zagayen farko da bugu 68, ya zo rami na biyar ya sheme ƙwallo, sai ta kauce hanya ta faɗa cikin ciyawa. Da ya ƙarasa wurin, sai ya tarar ta shige cikin wata fasasshiyar kwalbar giya da wani ya yar ya yi gaba abinsa. Bradshaw bai tsaya jiran alƙalin wasa ba. Ya ɗaga sanda ya daki kwalba da ƙwallo gaba ɗaya, gilasai suka tarwatse, ƙwallon kuwa ba ta yi wani nisan kirki ba. Ya tashi daga wannan rami da bugu shida, ya ƙare yinin da 77.

Da aka kammala zagaye huɗu, shi da Bobby Locke na Afirka ta Kudu suka yi kunnen doki a kan bugu 283. Aka sake haɗa su su biyu a ramuka 36, Locke ya doke shi da ratar bugu 12, ya ɗauki kofi. Har yau masu bin tarihin wasan suna gardama a kan ko dokar wancan lokaci ta ba Bradshaw damar ciro ƙwallonsa ba tare da tara ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne, da bugu ɗaya tak ya ragu masa a cikin waɗannan zagaye huɗu, da shi ne zakara. Kuma da yau ne abin ya faru, da ko ɗan koyo ya faɗa masa: ɗauki ƙwallonka, kawar da kwalbar, saki ƙwallo a ƙasa, ci gaba da wasa, ba a bin ka ko bugu ɗaya.

Wannan ita ce doka ta 15.2 a littafin dokokin golf, wanda hukumomi biyu ke kula da shi: R&A da ke St Andrews a Sikotilan, da USGA ta Amurka. Doka ce gajera, ba ta da ban tsoro a takarda, amma da wuya mutum ya zagaya ramuka 18 bai yi karo da ita ba. Kuma a ganina tana cikin dokokin da suka fi nuna adalcin wannan wasa, in har an fahimce ta.

Asalin magana

Tushen golf duka a kan jumla biyu yake: ka buga ƙwallo a inda ka same ta, ka yi wasa a fili yadda ka tarar da shi. Dokokin farko da aka rubuta, guda 13 ne, a shekarar 1744, don wata gasa a Leith kusa da Edinbara, kuma sun riƙe wannan ƙa'ida da tsauri. Ɗaya daga cikinsu ta hana ɗan wasa kawar da dutse ko ƙashi ko wani abin da zai iya karya sanda don ya ji daɗin bugu, sai a wani keɓaɓɓen yanayi. A lura da abin da aka jera: dutse, ƙashi, da kowane abin da zai iya karya sanda, duk a kwando ɗaya. Mutanen wancan zamani ba su bambanta abin da ƙasa ta fitar da abin da hannun mutum ya ƙera ba.

Dokar yau ta raba su. Dutse da ƙashi da ganye da reshen da ya karye ya faɗi, da kashin dabba, da tsutsa da ƙwaro, duk tarkacen halitta ne, suna ƙarƙashin doka ta 15.1. Karyayyiyar sanda kuwa, da kwalba da gwangwani da tawul da manjagarar share yashi da jakar ɗan wasa, cikas ne na ƙirar mutum. Idan ana iya ɗauke shi ba da wahalar da ta wuce kima ba, kuma ba tare da an lalata shi ko an lalata filin ba, to cikas mai ɗaukuwa ne. Idan ba haka ba, kamar kwalta ko ɗakin fakewa ko bakin famfon ban ruwa da aka binne, kafaffen cikas ne, shi kuma dokarsa daban ce, ta 16.1.

Abin da ake dubawa shi ne yadda aka yi abun, ba wanda ya jefar da shi ba. Ɓawon ayabar da ɗan wasa ya ci ya yar tarkacen halitta ne, ko da yake hannun mutum ne ya kawo shi filin. Ledar da aka ƙunso ayabar a ciki kuwa cikas ne. Gungumen icen da ke kwance tarkacen halitta ne. Ranar da aka sassaƙe shi aka kafa masa ƙafafu ya zama benci, ya koma cikas. A filayen Kano da Kaduna da Jos da Abuja, inda ake wasa da wannan littafi ɗaya da ake amfani da shi a St Andrews, hukuncin bai canza ba: ledar fiya-wata da iska ta kwaso cikas ce, kashin shanu kuwa tarkacen halitta.

Me ya sa wannan rabo yake da muhimmanci, tunda duka biyun ana iya kawar da su? Saboda abin da zai biyo baya idan ƙwallo ta motsa. Ka janye ganye ƙwallonka ta gusa, an ci ka tarar bugu ɗaya, sannan ka mayar da ita inda take, sai fa in a kan shimfiɗar rami ne, wato lallausan filin da ke kewaye da rami, ko a wurin bugun farko. Ka janye kwalba ƙwallonka ta gusa, babu tara ko kaɗan, mayar da ita kawai za ka yi. Hikimar a bayyane take. Ganye da dutse ɓangare ne na filin da ka yarda za ka yi wasa a kansa, in ka taɓa su kai ka ɗauki kasada. Kwalbar wani kuwa ba ta cikin yarjejeniyar, bai kamata sakacin wani ya zama asararka ba.

Dutsen Tiger

Misalin da ya fi shahara a kan wannan iyaka ya faru ne a ƙarshen Janairun 1999, a zagayen ƙarshe na gasar Phoenix Open a filin TPC Scottsdale da ke jihar Arizona. Ƙwallon Tiger Woods a rami na 13 ta tsaya a bayan wani ƙaton dutse da mutum ɗaya ba zai iya ko girgiza shi ba. Woods ya tambayi alƙalin wasa ko dutsen tarkacen halitta ne. Alƙali ya duba ya ga ba a binne yake a ƙasa ba, ya ce e. Nan take 'yan kallo suka taru suka sa ƙarfi suka mirgina shi gefe, Woods ya samu hanya ya buga. Bai ci gasar ba, Rocco Mediate ne ya ci, amma hoton mutanen nan suna tura dutse ya fi sakamakon gasar daɗewa a bakin jama'a.

Mutane da yawa suna kawo wannan labari a matsayin misalin cikas mai ɗaukuwa, alhali ba shi ba ne. Dutsen halitta ne, kuma doka ba ta sa wa tarkacen halitta iyakar girma ko nauyi ba. Ana iya neman taimako a kawar da shi muddin ba a ɓata lokaci ba. Da a ce wani ƙaton tubalin siminti ne mai irin wannan nauyi, da hukuncin ya juya: abin da sai an tara ƙarti kafin ya motsa ya wuce wahalar da doka ta amince da ita, don haka kafaffen cikas ne, ƙwallo ce za ta matsa, ba shi ba. Ni dai ban ga laifin alƙalin ba, domin abin da ke rubuce ya bi. Amma ina tare da masu cewa akwai rashin daidaito a ciki, domin ɗan wasan da babu mai bin sa a fili ba shi da ƙartin da za su tura masa dutse.

Yadda ake yi a aikace

Hali na farko, kuma wanda ya fi yawa: ƙwallo tana ƙasa, cikas yana kusa da ita ko ta jingina da shi. A nan cikas ne ke tashi, ƙwallo tana zaune. Wannan shi ne wurin da sababbin 'yan wasa suka fi tuntuɓe, domin hannu yana saurin kaiwa ga ƙwallo. Wanda ya ɗaga ƙwallon da ta jingina da manjagara ya jawo wa kansa tarar bugu ɗaya a banza. Abin da gogaggu ke yi shi ne, su kafa ɗan tsinken bugun farko ko su ajiye kwabo a gefen ƙwallon, don su san ainihin mazauninta, sannan su janye manjagarar a hankali. Doka ba ta tilasta sa alamar ba, amma tana kashe gardama. In ƙwallon ta gangara, a ɗauko ta da hannu a mayar da ita kan wurinta. In ba a san wurin daidai ba, a kintata.

Kuma ba sai cikas ya taɓa ƙwallo ko ya hana lilon sanda ba. Ko yana can gaba a kan hanyar da kake son ƙwallon ta bi, ko yana ɗauke maka hankali ne kawai, kana da ikon kawar da shi, a ko'ina yake: a cikin kwarin yashi, a yankin tara kamar bakin ruwa, har ma a wajen iyakar fili. Kafaffen cikas bai da wannan sassauci. Ba a ba ka sauƙi don kawai ya tare maka hanya, sai a kan shimfiɗar rami, kuma in ƙwallonka tana cikin yankin tara ba ka da sauƙi daga gare shi sam. Mai ɗaukar maka jakar sanduna ma yana iya kawar da cikas mai ɗaukuwa ba tare da ya jira izininka ba, sai dai duk kuskuren da ya yi a kanka yake.

Hali na biyu shi ne na Bradshaw: ƙwallo tana ciki ko a kan cikas ɗin, ba ta taɓa ƙasa ba. Ta faɗa cikin kofin roba, ko ta hau kan tawul, ko ta zauna a kujerar ɗan kallo da ya tashi. A nan ne kawai ake ɗaga ƙwallo. Ka ɗauke ta, ka kawar da abin, ka kintaci wurin da ke daidai ƙarƙashin inda take. Daga wannan wuri kana da faɗin tsawon sanda ɗaya, ana aunawa da mafi tsawon sandunan da ke jakarka ban da ta gangarawa cikin rami. Sharaɗi biyu ne: kada ka matsa kusa da rami, kuma kada ka fita daga irin yankin da wurin yake. In tawul ɗin a cikin kwarin yashi yake, a cikin yashin za ka saki ƙwallo, ba za ka fake da tawul ka tsere zuwa kan ciyawa ba. Sakin kuwa daga tsayin gwiwa ake yin sa tun ranar 1 ga Janairun 2019, lokacin da aka yi wa littafin babban gyara, aka rage dokokinsa daga 34 zuwa 24. Kafin nan daga tsayin kafaɗa ne, kuma har yanzu za ka ga dattijon ɗan wasa ya miƙe hannu sama kafin ya tuna.

A kan shimfiɗar rami ba a saki, ajiyewa ake yi da hannu, a daidai ƙarƙashin inda ƙwallon take. Wanda ya ajiye a inda ya kamata ya saki, ya kuma buga, ya ci babbar tara: bugu biyu a wasan ƙirga bugu, ko asarar ramin a wasan da ake yi rami-rami. Amma in ya farga kafin ya buga, yana iya gyarawa ba tare da an ci shi komai ba.

Akwai hali na uku da ba kasafai ake gani ba: ƙwallo ta shige cikin wani cikas mai ɗaukuwa an neme ta an rasa. In an sani, ko an kusa tabbatarwa ƙwarai, wato da yaƙinin da ya kai kashi 95 cikin 100, cewa a ciki take, ɗan wasa zai saki wata ƙwallon ba tara, yana aunawa daga ƙarƙashin inda ta farkon ta ratsa gefen abin. In zato ne kawai, to ɓatacciyar ƙwallo ce da zarar minti uku na nema sun cika, sai ya koma inda ya buga da tarar bugu ɗaya.

Turakun da ba a taɓawa

Ba duk abin da hannu zai iya cirewa ne doka ta yarda a cire ba. Fararen turakun da ke nuna iyakar fili ba a ɗauke su a matsayin cikas ba ko kaɗan. Ko da sako-sako suke, ko da suna hana ka lilo, ba ka da ikon tuge su, ba ka kuma da sauƙi kyauta. Wanda ya tuge ɗaya, ya tuna, ya mayar da shi kafin ya buga, ya tsira. Wanda ya buga a haka ya ci babbar tara. Jajaye da rawayen turakun da ke kewaye da yankin tara kuwa ana iya cire su a mayar bayan bugu, sai in kwamitin filin ya ce kafaffu ne, domin kwamiti yana da ikon ayyana kowane cikas a matsayin kafaffe ko da yaro zai iya ɗaga shi. Haka alamomi biyun da ke nuna wurin bugun farko: yayin da za ka buga daga tsakaninsu ba a gusar da su, amma in daga baya ƙwallonka ta tsaya kusa da na wani rami, sun zama cikas kamar kowane.

Sai kuma lokacin da ƙwallo ke tafiya. A nan hannu ya tsaya. Ka ga ƙwallon abokin wasanka tana gangarowa za ta bugi manjagara, ka yi wuf ka janye don ka taimake shi, kai ne ka ci babbar tara. Abin da aka yarda a ɗauke a wannan lokaci kaɗan ne: sandar tutar da aka riga aka cire aka ajiye, ƙwallon da ke zaune a kan shimfiɗar rami, da kayan wasan 'yan wasa kamar sanda ko tawul.

Rikicin manjagara

Babu cikas ɗin da ya kai manjagara jawo magana, kuma a nan ne dokar da ke da sauƙi takan zama mai ɗaci. A ɗauka an bar manjagara a cikin kwarin yashi, a kan gangaren da ke bayansa, nesa da rami. Ƙwallo ta gangaro ta tokare da ita. Ɗan wasa ya sa alama, ya janye manjagara, ƙwallo ta sulale ƙasa. Ya mayar da ita, ta ƙi zama. Ya sake gwadawa, ta sake sulalewa. Doka ta ce ya nemi wuri mafi kusa da za ta zauna, a cikin yashin, ba kusa da rami ba. To amma shi yana can ƙarshen baya, duk inda ƙwallo za ta iya zama ya fi kusa da rami. Sauƙin kyauta ya ƙare ke nan. Abin da ya rage masa shi ne ya koma inda ya buga da tarar bugu ɗaya, ko ya fita bayan kwarin da tarar bugu biyu. Mutum bai yi laifin komai ba, wanda ya riga shi wucewa ne ya yar da manjagara inda bai dace ba, kamar mai barin turmi a bakin zaure da dare.

Saboda irin wannan ne jagorar da hukumomin biyu suka rubuta wa kwamitocin filaye ta karkata ga a riƙa ajiye manjagara a wajen yashi, a inda da wuya ƙwallo ta same ta, ko da yake ta bar wa kowane kwamiti zaɓi. Masu son a bar ta a ciki suna da hujjarsu: manjagarar da ke waje tana iya tare ƙwallon da ya kamata ta faɗa yashi, ko ta karkatar da mai kyau zuwa ciki, kuma tana wahalar da masu yankan ciyawa. Na ji wannan hujja, amma ba ta kai ta farko nauyi ba. Karkatar ƙwallo sa'a ce, yau gare ka gobe ga wani. Tarar da doka da kanta za ta ɗora wa marar laifi kuwa abu ne da kwamiti zai iya hanawa tun kafin a fara wasa.

Golf wasa ne da yawanci babu alƙali a kusa. A manyan gasanni ana kiran sa ta rediyo ya zo cikin 'yan mintuna, amma a wasan Asabar na kulob ɗan wasa ne alƙalin kansa, kuma shi zai sa hannu a katin sakamakonsa. Littafin ya tanadi mafita ga mai shakka a wasan ƙirga bugu: ya sanar da abokan wasansa cewa zai buga ƙwallo biyu, ya faɗi wadda yake so a ƙirga masa in doka ta yarda, ya gama ramin da duka biyun, sannan ya kai wa kwamiti magana kafin ya miƙa kati. A wasan rami-rami babu wannan dama, sai dai abokan karawa su daidaita a tsakaninsu ko a nemi hukunci. 'Yan wasa da yawa sun shekara suna zagaya fili ba su san da wannan tanadi ba, sai su buga daga cikin leda ko gefen gwangwani suna ganin jarumtaka ce, ko kuma su ɗaga ƙwallo a inda doka ta ce a bar ta.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Dokokin suna nan kyauta a manhajar waya ta R&A, kuma sashen da ya shafi wannan batu ba zai ci wa mutum minti goma ba. Kira na ga kwamitocin kulob-kulob shi ne su rubuta a bayan katin sakamako, ƙarara, waɗanne turaku ne ake cirewa, waɗanne ne ba a taɓawa, kuma a ina ake ajiye manjagara. Su kuma zaunar da yaran da ke ɗaukar jaka su koya musu bambancin ganye da leda, tunda hannunsu ne ke riga na kowa isa wurin ƙwallo, tarar kuwa a katin maigidansu ake rubuta ta.